Takardar rubutu ko katin zane: wanne ya fi amfanar majiyyaci?

Wata 'yar'uwa da ke aiki a ƙaramin asibitin karkara ta tambaya ko takardar bayani a rubuce ya kamata su buga wa majiyyata, ko kuwa katin zane, tunda kuɗin hannunsu ba zai ɗauki duka biyun ba. Malama, bari mu auna su a kan magani guda, wato Coartem na zazzaɓin cizon sauro.

Ana shan maganin nan sau 6 cikin kwana 3: na biyu bayan awa 8 da na farko, sannan safe da dare a kwana biyun da suka rage. Yaro mai nauyin kilo 5 zuwa 14 ƙwaya 1 yake sha kowane karo, babba mai kilo 35 zuwa sama kuwa ƙwaya 4. A rubuce bayanin ya cika, sai dai yana buƙatar uwa mai karatun boko, wadda kuma za ta iya riƙe lissafi alhali yaro yana rawar ɗari a bayanta. A zane kuwa gidaje shida ne a jere, kowanne da adadin ƙwayoyinsa, duk wanda ta bayar sai ta soke shi da biro, ta yadda ko kaka aka bar wa yaron za ta ga inda aka tsaya. Gidajen da ba a soke ba su ne za su hana ta ajiye maganin don kawai jiki ya yi sanyi a rana ta biyu, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Amma zane ma yakan ɓatar. Masu zane suna son sa jinjirin wata a matsayin dare, alhali a Hausa wata yana nufin kwana talatin ma, don haka gara a zana fitila ko mutum kwance a tabarma. Haka nan kofin da ake zanawa a katin haɗa ruwan gishiri da sukari bai faɗi girmansa ba. Idan ƙunshin garin haɗin na ruwa lita 1 ne, leda biyu ta fiya-wata ta fi bayyana awon. Tazarar awa 8 kuwa sai ma'aikacin lafiya ya rubuta ƙarfe nawa da hannunsa.

Inda rubutu ya yi zarra shi ne sharaɗi, domin kalmar “idan” ba ta zanuwa: idan yaro ya amayar da maganin, idan ya kasa shan nono, idan ya fara jijjiga, a dawo asibiti nan take.

Shawarata ita ce ku buga katin zane, ku sa waɗannan sharuɗɗa a ƙasansa da gajerun layuka na boko da ajami. Kafin ku kai wa maɗaba'a, ku miƙa samfurin ga mata goma da ke layin ganin likita ba tare da kun yi musu bayani ba, ku saurari abin da kowace za ta ce ta gani.