GMAT, GRE ko TAGE MAGE: wacce ɗan Damagaram zai kashe wa kuɗinsa?

Wanda ya gama lisansi a Jami'ar André Salifou, ko yake aiki a banki a nan Damagaram, in ya fara tunanin yin masta a fannin kasuwanci a waje, sunayen jarrabawoyin neman shiga uku zai riƙa ji: GMAT, GRE da TAGE MAGE. Yawanci tambayar farko ita ce wacce ta fi sauƙi. Ba nan ake farawa ba. Ka fara zaɓen makaranta, ka duba abin da take nema da harshen da take koyarwa da shi, sannan ka biya kuɗin jarrabawa. Wasu ma ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin ukun: makarantar CESAG ta Dakar tana da tata gasar shiga, makarantun kasuwanci na Najeriya kuma, irin ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, suna da nasu tsarin ɗaukar ɗalibai. Kano kuwa kilomita 240 ne ko kusa da haka daga nan.

Ga wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci, TAGE MAGE ce ta fi kusa da hannu. Hukumar FNEGE ta Faransa ce ke shirya ta. Tambayoyi 90 ne, kashi shida, kowane kashi tambaya 15 cikin minti 20, makin ƙoli 600. Akwai fahimtar rubutu, lissafi ba tare da na'urar lissafi ba, auna hujja, iya harshe, da gano tsarin jerin lambobi da haruffa. Kashin da ya fi kayar da mutane shi ne wanda ake ba ka tambaya da bayanai biyu, a ce ka faɗi ko bayanan sun isa a samu amsa, ba wai ka fitar da amsar ba. Wanda ya saba da warware lissafi har ƙarshe kamar a bak, nan lokaci ke ƙure masa. Kuɗinta bai kai rabin na GMAT ba. Sai dai kasuwarta ƙarama ce, makarantun Faransa ne galibi, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 maganar biza ta zama wani dogon aiki. Bizar Amurka ma ta yi wa ƴan Nijar tsauri ƙwarai. Ka binciki hanyar biza tun kafin ka sayi littafi ko ɗaya.

GMAT ita ce wadda makarantun kasuwanci suka fi sani a duniya, har da na Faransa masu koyarwa da Ingilishi irin su HEC da INSEAD. An sauya mata fasali a ƙarshen 2023, tsohuwar ta daina aiki a farkon 2024, don haka tsofaffin littattafan da ke yawo a wayoyi suna ɗauke da abubuwan da aka cire, kamar lissafin siffofi da gyaran jimla da rubutun insha'i. Yanzu awa biyu da minti 15 ce, kashi uku, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja 23, nazarin jadawali da alƙaluma 20. Maki daga 205 zuwa 805. Kwamfuta ce ke zaɓo maka tambaya daidai da yadda kake amsawa, in ka ci ta ƙara wuya. Kana iya komawa ka sauya amsa uku a kowane kashi in lokaci ya rage maka.

Lissafin ba zai tsorata wanda ya yi bak C ko D ba. Ingilishin ne matsala, kuma ba nahawunsa ba, saurin karanta shi. Tambaya 23 cikin minti 45 bai kai minti biyu ga kowacce ba, ga dogon rubutu a kan tattalin arziki ko kimiyya. In har yanzu kana fassara jimla zuwa Faransanci a ranka kafin ka gane ta, lokacin yin rajista bai yi ba tukuna. Kuɗin rajista dalar Amurka 275 ne a cibiya, 300 in a gida za ka yi ta intanet, wato sama da jika 150 a kowane zama.

GRE, wadda hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa, ta ɗan fi araha, wajen dalar Amurka 220, ba ta cika awa biyu ba, kuma makarantun kasuwanci da yawa suna karɓar ta a madadin GMAT. Ana ba da na'urar lissafi a kan allo, akwai insha'i ɗaya na minti 30. An san ta da manyan kalmomi masu wuya, amma yawancinsu tushensu ɗaya da na Faransanci, abin da ke ba ɗan Nijar ɗan rinjaye a kan wanda Ingilishi kaɗai ya sani. Ni a ganina, wanda bai yanke shawara tsakanin kasuwanci da tattalin arziki ko harkar mulki ba, GRE ta fi masa, domin ƙofofin da take buɗewa sun fi yawa.

Sai wurin zama. Yin GMAT ko GRE a gida yana da daɗin ji, amma sai da ɗaki a rufe ba mai shigowa, kwamfuta mai kyamara, da intanet da wuta da ba za su yanke ba na fiye da awa biyu. Duk wanda ya san Damagaram a watan Afrilu da Mayu ya san yadda wuta take yi. In ba ka da sola ko injin wuta da layin da ka gwada ka amince da shi, gara ka nemi cibiya a shafin masu jarrabawar. Akwai a Abuja da Legas. Ka haɗa kuɗin mota da masauki a lissafinka, ka tanadi fasfo wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai harafi da harafi da wanda ka yi rajista da shi, da katin banki mai biya a waje.

Wajen kayan shiri mutane suka fi zubar da kuɗi. Kada ka sayi komai sai ka yi gwajin kyauta: shafin mba.com yana ba da cikakkun gwaji biyu na GMAT, ETS ma tana da nata na GRE. Ka zauna ka yi shi da agogo, waya a kashe. Bayan nan littafin tambayoyi na masu jarrabawar da kansu ya fi kowanne, domin daga tsofaffin tambayoyi na gaske aka tattara shi. Darussan intanet na biya suna da amfani ga mai rauni ɗaya da ya gano, amma suna cin data, wasu kuma sun kai kuɗin jarrabawar kanta. Malamin Ingilishi na unguwa zai gyara maka harshe, ba lallai ya san dabarun wannan jarrabawa ba. Mutum uku ko huɗu masu haɗuwa bayan la'asar, kowa yana bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi amsarsa, sun fi darasin bidiyo da ake kallo a kwance.

In maki bai yi ba fa? GMAT tana barin ka sake bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata goma sha biyu. GRE bayan kwana 21, ita ma sau biyar. Kwana 16 izini ne kawai, ba shawara ba. Wanda ya koma da zafin rai ba tare da ya sauya komai ba, makin jiya zai sake samu, jika 150 kuma sun tafi. Rahoton GMAT yana nuna yadda ka yi a kowane kashi da lokacin da kowace tambaya ta ci maka. Ka zauna da shi tukuna. In a gwajin gida kullum kana wuce abin da ka samu, to tsoro ko gajiyar hanya ne, saurin komawa yana da ma'ana, kuma wannan karon ka isa garin kwana biyu kafin ranar. In kuwa makin ya yi daidai da na gwaji, iyakarka ke nan a yanzu, sai an ba kashin da ya ja ka ƙasa wata biyu ko uku.

Kafin ka ce ka faɗi ma, ka duba da wane ma'auni kake auna kanka. Maki 645 na sabuwar GMAT daidai yake da 700 na tsohuwa, shi ya sa wasu ke raina maki mai kyau don sun ga tsofaffin alƙaluma a shafin makaranta. In kana kusa da matsakaicin makin ɗaliban da ta ɗauka, kuɗin zama na biyu ya fi amfani a jarrabawar Ingilishi irin TOEFL ko IELTS, wadda yawancin makarantun nan za su nema daga mai digirin Faransanci. Makin GMAT da na GRE suna aiki shekara biyar, kuma kai ne ke zaɓen wanda za a aika wa makaranta, ba sai ta ga zaman da bai yi kyau ba.