Digirin Injiniyancin Manhaja: Wanne Za Ka Zaɓa, Kuma Wa Za Ka Guda?

Da zarar JAMB ta fara sayar da fom, tambayar da iyaye da ɗalibai suka fi yi mini ita ce: yaro yana son rubuta manhaja, wane kwas zai cike? Amsata ɗaya ce. In burinka shi ne ka ƙera manhajar da jama'a za su yi aiki da ita, nemi digirin injiniyancin manhaja na shekara huɗu a jami'ar gwamnati, wadda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta tantance wannan kwas ɗin a cikinta. Jami'ar Bayero ta Kano tana da shi, haka ma Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Abin da ya sa na fi son sa shi ne yana koyar da abin da ɗalibi ba ya iya koya wa kansa cikin sauƙi. Rubuta kod kowa zai iya fara koyonsa a YouTube. Amma zama da mai aiki a fahimci ainihin abin da yake so, da tsara manhajar kafin a taɓa kwamfuta, da gwada ta don a kama kurakurai, da gyara wadda wani ya rubuta ya tafi, da aiki da mutum biyar a kan abu ɗaya ba tare da wani ya rushe na wani ba, waɗannan sai da horo. Su ne kuma kamfanoni suke biya domin su. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da darussan gama-gari. A ta biyu ake shiga rubuta kod sosai, da tsarin adana bayanai. Daga ta uku ne ake shiga zuciyar sana'ar, a rufe da furojet a shekarar ƙarshe.

A watan Disamba na 2022 NUC ta fito da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS. Kashi 70 cikin ɗari na darussa ita ta tsara, kashi 30 kuma ta bar wa kowace jami'a. Ke nan gindin karatun ɗaya ne ko'ina, a wannan kashi 30 ɗin ne bambanci yake. Kafin ka zaɓa, nemi littafin jagoran ɗalibai na sashen ka ga abin da suka zuba a ciki, ka kuma tambayi wani ɗan aji uku ko kwamfutocin ɗakin gwajinsu suna aiki.

Sharuɗɗan shiga ba su da ruɗani. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. A JAMB Turanci da lissafi da fiziks ne, darasi na huɗu kuma ka duba ƙasidar JAMB ta shekarar, domin jami'o'i sun bambanta, ko da yake kemistiri ya fi tsira. Mai difloma mai kyau yana iya shiga aji biyu kai tsaye, ya gama a shekara uku.

In ka shiga, tsara karatunka tun ranar farko. A zango ɗaya ana rajistar yunit 15 zuwa 24, kuma wasu darussan sai ka ci na baya za a bari ka ɗauki na gaba. Wanda ya faɗi darasin kod na farko, to ya kulle wa kansa na biyu, ga keri-oba ta cinye masa gurbi. Kada ka raina lissafin aji ɗaya, domin makin da ya zube a nan da wuya yake tashi: sai matsakaicin makinka ya kai 4.50 za ka fita da digiri mai matakin farko, 3.50 kuma babban mataki na biyu. Aikin koyon sana'a na SIWES kuwa, kada ka yarda a tura ka ofishin da fotokwafi kawai za ka riƙa yi. Fara neman inda ake rubuta manhaja tun zango guda kafin lokacin. Laftof ɗinka na kanka dole ne, ko da na hannu ne.

Aibin jami'ar gwamnati kowa ya san shi, yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya kai wata takwas. Duk da haka kuɗinta ya fi sauƙi, ga kuma lamunin NELFUND da aka buɗe a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Kimiyyar kwamfuta ita ce zaɓina na biyu, in ka samu karɓi abinka, za ka cike giɓin da kanka. Injiniyancin kwamfuta shekara biyar ne, kuma ya fi karkata ga wayoyi da na'urori. Jami'o'i masu zaman kansu irin su AUN ta Yola da Nile da Baze na Abuja ba sa yajin aiki, sai dai aljihu. Foliteknik hanya ce ta halal amma mai zagaye. Kwas ɗin wata shida na koyon kod ƙari ne, ba ya maye gurbin digiri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ɗan yayata ya yi shekara biyu a wata cibiya da ke ikirarin reshe ce ta wata jami'ar ƙasar waje. Na ga takardar shigarsa da idona, mai kauri, da hatimi ruwan zinare. Cibiyar kuwa ɗakuna uku ne a saman wasu shaguna, kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, ba wanda ya taɓa kunna su a gabansa. Mahaifiyarsa adashi ta riƙa ɗauka tana biya. Da aka bincika, babu sunan cibiyar a NUC, babu sunan yaron a JAMB. Sai da ya koma ya sake zana jarrabawa tare da ƙannensa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Don haka ka riƙe wannan: duk gurbin karatun da bai fito a shafinka na CAPS ba, wato shafin da JAMB ke nuna gurbin da aka ba ɗalibi, ba gurbi ba ne, ko wa ya sa hannu a takardar. Wanda sunansa ba ya cikin jerin JAMB zai sha wuya ranar tafiya hidimar ƙasa. Kuma rajistar jami'a daban, tantance kwas daban. NUC kwas-kwas take tantancewa, wani ya samu cikakkiyar amincewa, wani ta wucin gadi, wani a hana shi. Jami'a tana iya zama ta gaske alhali injiniyancin manhajarta bai samu amincewa ba. Shiga shafin NUC ka duba da kanka, akwai ma jerin jami'o'in bogi da take fitarwa.

Sai dillalan makarantun Kwatano ta Jamhuriyar Benin, masu cewa za ka gama digiri a shekara ɗaya ko biyu babu JAMB. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu kwalin digiri daga wata makaranta a can cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agusta ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da 'yan Najeriya 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar ne kawai a Benin da uku a Togo gwamnati ta amince da su. Araha ba ta ado. A wannan sana'ar ma abin ya fi muni, domin ranar ɗaukar aiki kwamfuta za a ajiye maka a ce rubuta mu gani.

Akwai kuma masu sayar da furojet a bakin ƙofar makaranta. Kada ka saya. Furojet ɗin nan shi ne abu na farko da za ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ka nuna wa mai ɗaukar aiki, kuma zai tambaye ka dalilin kowane layi da ke ciki.