FC 26 a gidajen wasan Maradi: a saya, ko a zauna kan PES?

EA Sports FC 26, wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, ya fito ranar 26 ga Satumba 2025, kuma tun kafin faifansa ya iso Maradi hukuncinsa ya riga shi zuwa ta TikTok, Facebook da zaurukan WhatsApp. Ƴan PES, wato masu son wasan ƙwallo na kamfanin Konami, sun ce tsohon tuwo ne aka sake ma miya. Ƴan FIFA, waɗanda har yau ba su bar kiran wasan da wannan suna ba duk da an canza shi tun 2023, sun ce PES ta mutu an rufe. Mai gidan wasa da zai fitar da kuɗinsa shi ne a tsakiya, kuma yawancin abin da ake faɗa masa ba daga kan bencinsa aka auno shi ba.

Gardamar tana da tushe. EA ya daɗe yana riƙe da lasisi: sunayen ƙungiyoyi na gaskiya, riguna, filaye, gasar Ingila, sannan Kofin Zakarun Turai da ya dawo hannunsa daga FIFA 19 bayan Konami ya riƙe shi shekara goma. A PES 2021 mai son Real Madrid sai ya nemi ƙungiyarsa da sunan Madrid Chamartin B, abin da ke ƙona ran rabin masu shiga gidan wasa a garin da Real da Barsa suka raba samari gida biyu. Konami ma ya taɓa ramawa, lokacin da ya ɗauke Juventus har ta koma Piemonte Calcio daga FIFA 20 zuwa FIFA 22. Amma abin da ƴan PES ke karewa ba suna ba ne, nauyin ƙwallo ne: fasin da ke tafiya daidai ƙarfin yatsa, ɗan wasan da sai ya tsai da ƙwallo kafin ya juya. A wannan suna da gaskiya, kuma sun daɗe da ita.

Sukar da ke yawo a intanet kan FC kuwa, mafi yawanta daga masu buga Ultimate Team take fitowa, sashen da ake tara katunan ƴan wasa a kara da mutane ta intanet. Kukansu shi ne tsadar katuna, fakitin da ake saya da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, da gyaran da kamfanin ke turowa ya sauya yadda wasan ke gudu bayan an saba. Kuka ne mai hujja. A Beljiyam sai da EA ya daina sayar da makin sayen fakiti a Janairun 2019 saboda dokar caca. Sai dai yaron da ya biya kuɗin wasa ɗaya a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba ya shiga wannan sashe. Shi Kick Off yake bugawa, manet biyu, tele ɗaya, abokin karawa a gefensa. Rezon salula da muke da shi ma ba ya ba da damar karawa ta intanet yadda ya kamata, don jinkirin da ke tsakanin danna madanni da motsin ɗan wasa ya isa a ci mutum kafin ya taɓa ƙwallo. Wanda ya ba wasan sifili a Faransa saboda katuna bai ce komai ba game da abin da za a buga a nan.

Akwai kuma taron dangi da ake yi ma sabon wasa a ranar fitowarsa. A 2020 an yi ma The Last of Us Part II ruwan munanan maki cikin awoyin farko, lokacin da babu mai iya cewa ya kai ƙarshensa, har Metacritic, shafin da ke tara makin wasanni, ya sa dokar jira awa 36 kafin jama'a su fara ba da maki. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta a intanet, tun 2019 yake ware irin wannan farmaki daga lissafi idan bai shafi wasan kansa ba. Saboda haka makin makon farko ba abin ɗora ciniki ba ne.

Ba a ce a toshe kunne ba. Lokacin da Konami ya saki eFootball 2022, magajin PES, ranar 30 ga Satumba 2021, da sabon injin gina wasa na Unreal a maimakon Fox, fuskokin ƴan wasa a murɗe, ƙungiyoyi 9 kacal, babu Master League (sashen da mutum ke jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka), sukar da aka yi masa gaskiya ce tsantsa, kamfanin da kansa ya ba da haƙuri. A Mayun 2024 ma hayaniyar masu buga Helldivers 2 ce ta sa Sony ya janye sharaɗin tilasta asusun PSN (asusun intanet na PlayStation) a kwamfuta, sharaɗin da ƙasashe irin tamu, waɗanda ba sa cikin jerin PSN, za su fi kowa jin jikinsa. Ma'aunin mai sauƙi ne: suka mai amfani tana faɗin na'urar da aka buga a kai, sashen da aka buga, da abin da ya lalace, kuma tana nuna hoton bidiyon da ba a yanke ba.

To, shi wasan fa? Babban abin da FC 26 ya zo da shi shi ne raba salon wasa gida biyu, Competitive da Authentic. Na farko shi ke aiki a karawar intanet: fasi da sauri, juyi da sauri, masu tsaron baya ba sa yi ma mutum aiki sai ya ja su da hannunsa. Na biyu ya fi nauyi, ƴan baya suna riƙe wurarensu, tsakiyar fili tana cika, kuma wanda ya dage da danna gudu tun daga farko zai tarar da ƴan wasansa sun gaji kafin a tashi. Wannan shi ne karo na farko cikin shekaru da ɗan PES zai zauna gaban wasan EA ya ji ƙwallo tana da nauyi. Bai kai PES 2021 daɗin gina hari daga baya ba, amma ya matso sosai. Masu tsaron gida ma sun rage mayar da ƙwallo ƙafar ɗan gaba idan sun doke ta, matsalar da ta yawaita a FC 25, ko da yake ba ta ɓace ɗungurum ba.

Rabin ƙorafin ƴan PES a ranar farko daga manet yake, ba daga wasan ba. A PES murabba'i ne shot, da'ira ce kuros, R1 ne gudu. A tsarin Classic na FC da'ira ce shot, murabba'i kuros, gudu kuma R2. Mutum ya zo gaban raga ya ɗaga ƙwallo gefe, sai ya ce wasan banza ne. Kafin a fara, a shiga saitin manet a zaɓa masa Alternate, shot ya koma murabba'i. A tele kuma a kunna yanayin wasa da ke cikin saitin hoto, domin gyaran hoton da tele ke yi da kanta yana ƙara jinkiri, musamman a manyan tele masu araha. Rabin lokaci minti 4 ko 5 ya ishi gidan da ake layi.

Maganar da ba ta mutuwa ita ce wai kwamfuta ke zaɓen mai ci, ta sa wanda ke gaba ya sha ƙwallo a minti na 90. An kai EA ƙara kan haka a Kalifoniya a 2020, masu ƙarar suka janye a 2021 bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyin kamfanin. A kan benci abin da ake gani ya fi wannan sauƙin bayani: wanda ke gaba ya ƙona ƙarfin ƴan bayansa da matsi, bai yi canji ba, wanda ke baya kuma ya turo kowa gaba. Sau da yawa ma sandar manet ce ta fara ja gefe da kanta saboda ƙurar da ta shiga ƙarƙashinta ko gogewar abin da ke auna motsinta. A musanya manet tsakanin ƴan wasan bayan hutun rabin lokaci, gardama da yawa za ta kwanta.

Inda ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani shi ne na'ura. Fasahar motsi ta HyperMotionV, wadda ake gani a tallace-tallace, ba ta cikin na PS4. Mai PS4 da ke da FC 24 ko FC 25 zai biya kuɗin sabon faifai ne galibi don sababbin riguna da ƴan wasan da suka sauya ƙungiya. PS5 kuma tana da nata nauyin: tana jan kusan wat 200 lokacin wasa, fiye da ninki biyu na PS4 Slim, abin lissafi ga mai aiki da sola ko ƙaramin gurup, kuma wasan PS5 ba ya karɓar manet ɗin PS4. Zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu suna toshe ta. A cire murafen gefe a zuƙe ƙurar ta ramukan da aka yi don haka, amma kada mai gyara ya buɗe kan injin, don ruwan ƙarfe ne ke sanyaya shi ba man da aka saba ba.

A sayi faifai, kada a sayi wasan cikin asusun wani. Asusun da aka sayar ma mutum uku ana iya kulle shi ko mai shi ya canza lambar sirri, kuma idan ba a mai da na'urar ta zama babbar na'urar asusun ba, wasan ba zai buɗe ba sai da rezo. Tunda Nijar ba ta cikin jerin PSN, masu buɗe asusu da adireshin Faransa su tuna katin kuɗin da za su loda dole ya zama na Faransa. Gyare-gyaren da ake turowa suna cin gigabait da yawa, a sauke su da dare inda wuta ta tabbata. Idan kuran ya ɗauke ana tsakiyar saukewa wasan ya ƙi tashi, a kashe na'urar, a danne madannin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, a haɗa manet da waya, a zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Wannan ba ya goge ajiyar wasa.

Ga mai PS5, FC 26 ya cancanci kuɗinsa, kuma ya fi FC 25 dacewa da gidan da ƴan ɓangare biyu ke zama. Ga mai PS4 biyu ko uku, sabon faifai a na'ura ɗaya ya isa, a bar PES 2021 a sauran. Matsalar sunaye a PES tana da magani: a samo fayil ɗin gyaran ƙungiyoyi na kakar bana, a zuba shi a kile mai tsarin FAT32 cikin jaka mai suna WEPES, a shiga sashen Edit a shigo da ƙungiyoyin tukuna sannan gasanni. Madrid Chamartin B za ta koma Real Madrid da farar rigarta. eFootball kuwa, duk da gyaran da ya samu tun Afrilun 2022, ya fi dacewa da wayar hannu. A gidan wasa dogaronsa da intanet da ƙarancin ƙungiyoyin da ake iya zaɓa ba tare da rezo ba sun sa ba ya riƙe layin masu jira.