Gargaɗi ga masu ba da kwangilar fentin rundunar wasan yaƙi

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a kasuwar ƙananan sojojin wasan yaƙin tarihi, wato 'yan mutum-mutumin roba ko ƙarfe da ake fentewa a yi wasan yaƙi da su a kan tebur, musamman masu girman milimita 28, waɗanda aka fi hada-hadarsu a Ingila da sauran Turai da Amurka. Duk mai yin oda daga nesa shi ya fi shiga haɗari, domin bai ga kaya ba, bai ga mai kaya ba.

Ɗan damfarar yakan buɗe sabon shafi a Facebook, ya cika shi da hotunan rundunar Faransa ta zamanin Napoleon ko mayaƙan Mahadi na Sudan da jibbobinsu masu faci, fenti kamar a lasa. Hotunan na wasu gwanaye ne, sato su ya yi. Sai ya ce zai sayi sojojin da kansa, ya harhaɗa, ya fente, ya ɗora su a kan gindinsu, duka a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, kuma cikin mako biyu.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona shi. A dokokin wasan yaƙin da ake kira Black Powder, bataliya madaidaiciya kan ɗauki sojoji wajen 24. A ce bataliya takwas ka yi oda, sojoji 192 kenan, ban da mahaya da igwa. Kowane sojan Faransa na 1815 yana da farin ɗamara, da jakar baya, da hula mai tambari, da kalar wuya da ta hannun riga, kuma dukkansu da siririn buroshi ake bin su. Kafin nan sai an kankare layin zubi, wato siririn layin da mazubi ke bari a jikin soja, an manna hannuwa, an fesa fentin shimfiɗa. Bayan nan a sa inuwa, a yi ƙasa da ciyawa a gindi, a rufe da banis. Da wuya mutum ɗaya ya gama wannan cikin mako biyu.

Inda ya fi nuna wayo shi ne wajen biyan kuɗi. Zai nemi a biya duka tun farko, ta PayPal, amma ta hanyar Friends and Family, wai don a kauce wa kuɗin caji. Wannan hanya ta aika wa dangi da abokai kuɗi ce, babu kariyar mai saye a cikinta. Idan ka nace sai ta hanyar biyan kaya da aiki, zai yarda, sai ya koma ja maka rai. PayPal na ba da kwana 180 daga ranar biya a shigar da ƙorafin kayan da ba su iso ba, shi kuma ya san haka sarai. Yau rashin lafiya, gobe banis bai bushe ba, jibi ya turo hoton sojoji shida rabi da rabi don ka kwantar da hankali. Ranar da wa'adin ya cika, ranar zai toshe ka. Saboda haka ka rubuta ranar da ka biya, in an kai wata huɗu babu kaya a hannu ka shigar da ƙorafi, komai daɗin bakinsa.

Wasu kuma kayan kan iso, amma jabu ne aka lulluɓe da fenti. Ana ɗaukar soja na asali a yi masa mazubin silikon, a riƙa zuba rezin mai arha, wato ruwan roba mai daskarewa, ko ƙarfe mai yawan dalma. Sojojin ƙasa na kamfanin Perry Miniatures da roba mai tauri ko farin ƙarfe ake yin su, na kamfanin Victrix kuma roba ce. Duk wanda ya kawo maka bataliyar rezin da sunansu, kwafi ya sayar maka. Ka duba gefen jiki: layin zubi biyu maimakon ɗaya alama ce babba, ɗaya na asali, ɗaya na mai kwafi. Fuska da maɓallai sukan dushe, ana ganin 'yan ramukan kumfar iska a ƙarƙashin haɓa da bakin hula, kuma jabun yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta idan aka jera su. Wuƙar bakin bindiga ta rezin karyewa take yi, ta dalma kuwa lanƙwashewa da ɗan taɓi. Mafi ciwo shi ne maiƙon da ake shafa wa mazubi: idan ba a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ba, fenti ba ya kamawa, wasa biyu ko uku sai ya fara ɓarewa a gwiwar hannu da kan hula.

Kafin ka ba kowa kafin alƙalami, sa hotunansa a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga ko suna da wani mai su. Ka nemi sabon hoton soja ɗaya, gaba da baya, kusa da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata da rubutun hannu. Ka tambaye shi lambobin fentin da zai yi amfani da su, na kamfanin Vallejo ne ko wani. Mai aikin gaske nan take zai lissafo maka. Tambaya kan tarihi ma tana tankaɗe su: wanda bai san cewa sojojin rundunar Birtaniya ta 95th Rifles koriyar riga suka sa a yaƙin Waterloo ba, ba jar riga ba, ba shi ya fente abin da ke hotonsa ba.

Mafi aminci ka sayi kwalayen da kanka daga kamfani ko sanannen shago, ka aika masa, a fara da soja ɗaya na gwaji, sannan a riƙa biya bataliya-bataliya bayan kowace ta iso.

Idan kuma kaya sun riga sun zo kana shakka, ɗauki soja ɗaya ka jiƙa shi cikin sinadarin aisofurofil, ka goge da tsohon buroshin haƙori, abin da ke ƙarƙashin fentin zai fito fili. Kada ka yi amfani da asiton, narkar da roba yake yi. Ka ɗauki hoton layukan zubin da ramukan kumfa kusa da soja na asali, ka haɗa da saƙonnin da ya yi maka alkawarin kayan asali, ka shigar da ƙorafin cewa kaya sun saɓa wa abin da aka tallata tun wa'adi bai wuce ba.