Sharhi a kan darussan sauraro game da bayi mata a juyin juya halin Haiti

Na sayi wasu darussan tarihi na sauraro a wata manhajar waya, waɗanda aka shirya da Faransanci a kan rawar da bayi mata suka taka a juyin juya halin Saint-Domingue, ƙasar da ta zama Haiti ranar 1 ga Janairun 1804. Murya tana fita tangaram, kuma ana iya sauke darussan a saurara babu intanet, sai dai taswirar da aka haɗa ba ta karantuwa a waya saboda ƙanƙantar rubutu.

An fara da taron rantsuwar Bois Caïman na Agustan 1791, inda bayi suka ƙulla yin tawaye, wanda aka ce Cécile Fatiman ta jagoranta tare da Boukman, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, aka kuma taɓo Marie-Jeanne Lamartinière da ta yi yaƙi a ganuwar Crête-à-Pierrot a 1802. Amma darasin da kuɗina ya halatta a kansa shi ne na matan gona waɗanda ba a riƙe sunayensu ba. Malamar ta bayyana yadda suke saran rake da rana, da dare kuma su riƙa cusa shi a bakin injin matsewa, aikin da kan cinye hannun wadda gyangyaɗi ya ɗauka. Bayan wakilan Faransa, Sonthonax da Polverel, sun soke bauta a 1793, an tsare ma'aikata a gonakin a kan rabon amfani, aka yanka wa mace kashi biyu cikin uku na rabon namiji. Matan kudu suka ce ba su yarda ba, tunda aiki ɗaya ake yi, wasu ma suka ƙi fita aikin dare. Wannan tirjiya ta fi kama zuciyata a kan labarin fagen fama, domin ta nuna irin 'yancin da su kansu suke nufi.

Inda darussan suka gaza shi ne wajen tantancewa. An lissafa Sanité Bélair, wadda Faransawa suka kashe a Oktoban 1802, cikin bayi, alhali ba ta cikin bauta lokacin da ta ɗauki makami. An kuma kawo zancen cewa Victoria Montou, ɗaya daga cikin matan da suka yi yaƙi a juyin, asalinta mayaƙiyar masarautar Dahomey ce kamar tabbataccen abu, ba a faɗa wa mai sauraro cewa ruwayar baka ce ba. Malamin da zai koyar da ɗalibai da su, ya gyara waɗannan wurare biyu tukuna.