Wasiƙa daga Landan, Janairun 2021: asibiti kyauta ne, amma babu mai jinya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyali, da Inna da jikinta. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko bidiyon nan na motocin asibiti da suka yi layi a Landan gaskiya ne ko kuwa haɗin 'yan WhatsApp ne. Gaskiya ne, Yaya. Ni da nake tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti a gabashin birnin, ta gabansu nake wucewa duk asubar da na tashi daga aikin dare. Marar lafiya yana kwance a cikin motar, likita ne zai fito cikin sanyi ya duba shi a nan, domin ciki babu gadon da za a ɗora shi.

Tun tsakiyar Disamba abin ya rikice, da aka sanar da ɓullar sabon nau'in korona a yankin Kent, mai saurin yaɗuwa. Ranar 8 ga Janairu magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya ayyana cewa birnin ya shiga halin gaggawa, ya ce a cikin kowane mutum 30 ɗaya na ɗauke da cutar. Ranar 20 ga wata aka sanar da mutuwar mutum 1,820 a rana guda a Birtaniya, shekaranjiya kuma, 26 ga wata, jimillar ta haura 100,000. Kuma ga hunturu. Kafin ƙarfe biyar magariba ta yi, kowa ya ƙunshe kansa a ɗaki ya rufe taga ya kunna hita, wanda shi ne abin da cutar take so.

Na san abin da za ka ce: ai ku asibitinku kyauta ne. Haka ne, babu mai tambayarka kuɗin kati, babu mai miƙo maka takarda ya ce je ka kemis ka sayo ƙarin ruwa da sirinji da safar hannu. Iskar oksijin ta bututu take fitowa daga jikin bango a kan kowane gado, ba tukunya ake gangarowa da ita ba. Sai dai kyautar da sauranta. Ana cire mana haraji a albashi tun kafin ya shigo hannu, baƙo mai biza kuma yana biyan fam 624 a kowace shekara na kula da lafiya, ko da yake mu ma'aikatan asibiti an ce mu nema a mayar mana. Maganin da likita ya rubuta maka a waje, kowane guda fam 9.15 ne a Ingila. Ka tambayi 'yan canji a Wapa su lissafa maka. Kemis kuwa ba irin namu ba ne da za ka ce a haɗa maka na zazzaɓi a ƙulla a leda. Ba takardar likita, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ko farasitamol, kanti ba ya sayar maka fiye da kwali biyu a lokaci ɗaya. Likitan unguwa da ake kira GP yanzu ta waya yake duba mutane, sai ka kira tun takwas na safe ka zauna kana jin kiɗa.

Abin da ya ƙare a nan ba kaya ba ne, mutane ne. A ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, ƙa'ida nas ɗaya ga marar lafiya ɗaya. Yanzu sai ka ga nas ɗaya tana zirga-zirga tsakanin gadaje uku, ga abokan aikinta su ma suna gida a kwance. Ɗakunan tiyata ma an jera gadaje a ciki, masu jiran aikin gwiwa da na ido an ce su dakata.

Ka tuna jinyar Baba, Allah Ya jiƙansa? Komai sai da muka saya, har audugar da aka goge masa hannu. Mun yi ta ƙorafi. Amma Inna tana kan tabarma a gindin gadonsa dare da rana, kai kana juya shi, ni ina zuwa da kular kunu, 'yan dubiya kuwa har nas ta gaji da korarsu. To a nan babu wannan. Daga ƙofa ake sallamar iyali. A satin da ya wuce na tura wani dattijo ɗan Bangaladash daga ƙasa zuwa hawa na uku, takalminsa da carbinsa a cikin leda a kan ƙafafunsa. Bayan kwana biyu na koma ɗakin ɗaukar wani, na tarar wata nas 'yar Filifin ta riƙe masa waya a saitin fuska, 'ya'yansa suna karanta masa Yasin daga gida. Da ta ga sunana a jikin katin wuyana sai ta yi mini alama da ido. Na matsa, na sunkuya da takunkumi da gilashin fuska, na yi ta maimaita masa kalmar shahada. Ban sani ba ko ya ji, ƙarar na'urar ta fi muryata. Da na dawo aiki washegari wani ne a gadon.

Game da halin mutane kuwa, ka daina cewa Bature akwai bin doka. Akwai masu bi, kuma su ne suka fi yawa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Tsohuwar da ke ƙasan benenmu rabonta da jikokinta tun bara, ta taga take ɗaga musu hannu. Amma ranar 19 ga Disamba da Firayim Minista Boris Johnson ya ce an soke haɗuwar Kirsimeti a Landan, kafin dare tashar jirgin ƙasa ta St Pancras ta cika maƙil da masu gudu, kamar tashar mota ana gobe Sallah, suka kwashi cutar suka kai wa iyayensu a ƙauye. Daren sabuwar shekara wasu suka taru a ƙofar asibitin St Thomas' ba takunkumi suna ihun wai korona ƙarya ce, alhali mutane na mutuwa a bayan bangon. Ashe ba a Kano kaɗai ake cewa babu korona ba. Tarar rashin sa takunkumi fam 200 ce, wanda ya haɗa babban taro kuma 10,000, amma maƙwabtanmu na sama sai da suka raba dare suna rawa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. An gayyace ni suna a wani ɗan falo, mutum ya fi ashirin, na aika da barka ta waya, har yau mai gidan yana amsa gaisuwata a daƙile.

Kasuwa dai alhamdu lillahi. Da Faransa ta rufe iyaka kafin Kirsimeti, manyan motoci dubbai suka maƙale a hanyar tashar jiragen ruwa ta Dover, aka yi ta tsoron ganye da lemo za su yanke, amma abin bai kai na watan Maris ɗin bara ba, lokacin da aka yi ta kokawa a kan takardar bayan gida, mu masu buta muna kallo. Yanzu manyan kantunan Morrisons da Sainsbury's sun ce ba takunkumi ba shiga, sai mai uzurin lafiya. Doya da manja da kuɓewa ina samu a kasuwar Ridley Road, da tsada, citta da tafarnuwa kuwa kowa ya zama mai magani, rububinsu ake yi. Wanda aka rufe wurin aikinsa gwamnati na biyansa kashi 80 cikin 100 na albashi, kai tsaye ta hannun mai aikin. A nan kam sun yi mana nisa, idan ka tuna kayan tallafin da aka tarar a jibge a rumbuna a watan Oktoba.

Masallacinmu ya rufe da kansa ko da yake doka ba ta tilasta ba, Juma'a huɗu ke nan ina yin azahar a ɗaki. Jana'iza mutum 30 ne iyaka. A Birmingham kuma an buɗe wurin rigakafi a cikin wani masallaci makon jiya, saboda masu yaɗa cewa akwai haram a cikin allurar. Ni an yi mini ta farko a wurin aiki, hannuna ya yi tsami kwana biyu, shi ke nan. Ta biyu sai nan da mako goma sha biyu.

Na ga hotunan cunkoson masu rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don Allah kada ka bari Inna ta shiga wannan layin, kuma bikin nan na wata mai zuwa a ba ta haƙuri, ga hawan jini ga suga. Na turo ɗan saƙo ta hannun da aka saba, ka cire kuɗin maganinta na wata uku, sauran na makarantar yara. Ranar Lahadi dusar ƙanƙara ta sauka, na ɗauka musu bidiyo, zan turo in na farka. Ƙarfe takwas zan koma aiki.

Ka gaida Inna da Anti da yara duka.

Naka,
Ƙaninka
28 ga Janairu, 2021