Waks na gwangwani ko nano na kwalba: wanne ya dace da motar da ke kwana a titin Jidda?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin waks na gwangwani (kakin da ake shafa wa mota don ya kare fenti) da nano seramik na kwalba (ruwan da ke daskarewa a kan fenti kamar siririn gilashi) da kake son shafa wa baƙar Sonatarka da hannunka, sayi waks. Duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya yana cikin but ɗina yanzu haka, ɗayan kuwa har yau in na tuna shi sai na ja tsaki.

Sai dai waks ɗin ma suna ya tara. Akwai na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Wajen sheƙi babu na biyunsa, baƙar mota in ta sha shi sai ka rantse jiƙe take. Masu talla za su ce maka sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, kuma ba ƙarya suka yi ba, amma abin da ke cikin gwangwanin ba zallarsa ba ne, an cakuɗa shi da mai da wasu sinadarai don ya yi taushin shafawa. Mu kuma muna garin da aka auna digiri 52 a watan Yunin 2010, a inuwa ma ke nan. Je ka ɗora tafin hannu a bonet ɗinka da azahar ka ji. Ni dai karnuba bai taɓa cika min wata guda a lokacin zafi ba. Wanda nake nufi shi ne na haɗin masana'anta, wanda wasu masu shago ke ce wa silant.

Nawa Fusso Coat ne na kamfanin Soft99, ɗan Japan, gwangwani mai giram 200. Iri biyu ne, na mota mai duhu da na mai haske, to ka duba kafin ka biya. An rubuta wata 12 a jikinsa, amma motar da ke wuni a rana ta kwana a raɓar gishiri, ni wata biyar zuwa shida nake ƙirga masa in sake. Gwangwani ɗaya ya yi min shekara huɗu a kan Camry ɗina, har yanzu ban ga gindinsa ba.

Ranar Juma'a nake yi, ana sallame asuba, kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Babban ɗana ke riƙe tsumman gogewa, ni ina gaba da soso. Mu wanke, mu tsane ta ƙaƙas, sannan in dangwali waks ɗin kaɗan, kamar wanda zai shafa wa jariri man kaɗanya. Wannan shi ne sirrin duka. In ka lafta shi da yawa ba ƙarin kariya ka yi ba, wahalar gogewa ka saya wa kafaɗarka. Ƙofa ɗaya, sai mu ba ta 'yan mintoci ta yi hazo, in ja ɗan yatsa a kai. In layin ya fito fes, yaro ya bi da tsumma; in ya yi damo-damo, mu ƙara jira. Yana da wari kamar na kananzir, kada ka yi shi a rufaffen gareji. Kuma ka kiyaye baƙar robar gefen gilas da ta ƙasan bamba, in ya taɓa ta fari take yi, fitarsa sai da buroshin haƙori da haƙuri. Kafin ƙarfe takwas mun gama, mu wuce mu sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa na karin kumallo.

Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu ya faru ne a goman ƙarshe na wani azumi. Na bar motar kwana uku a gindin bangon gidan wani ɗan'uwanmu a Shari'a Mansur da ke Makka, ban lura cewa saman bangon majalisar tattabarun Makka ba ne. Da na dawo, rufin motar kamar an watsa mata farar ƙasa. Gabana ya faɗi, don kashin tsuntsu in ya gasu a rana cin fenti yake yi. Na ɗauko gorar ruwa, na jiƙa tsumma na shimfiɗa a kai kamar minti biyar, na ɗaga. Ya taho gaba ɗaya, sai ɗan tabo biyu da suka tafi a wankin gaba. Motar da ke bayan tawa, wadda ba ta san waks ba tun fitowarta daga kamfani, mai ita ya kankare nasa amma zanen ya zauna daram kamar taswira. Sati biyu ne kacal da na shafa, shi ya cece ni. Ba cewa nake waks sulke ba ne, lokaci yake saya maka kafin abin ya kai ga fenti.

Nano kuwa, to, yana aiki. In na gaske ne kuma ƙwararre ya yi shi a rufaffen wuri mai sanyi, zai yi shekara biyu ko fiye, ba zan hana shi haƙƙinsa ba.

Amma kai a gida ka ce. Ni ma a gida na gwada, a wata shuɗiyar Accent da na taɓa riƙewa, cikin watan Satumba, lokacin da danshin tekun nan da muke ce wa ruɗuba ke sa gilashin ido ya yi gumi da ka fito daga ɗaki. 'Yar kwalba ce mai mili 30. Kana ɗiga shi a ƙyalle ka shafa, ka jira ya yi launin bakan gizo, ka goge cikin minti ɗaya ko biyu. Danshi shi ke sa shi daskarewa, don haka a iskar Jidda kafin in gama rabin bonet farkon ya riga ya kama. Washegari da rana ta fito sai ga dabbare-dabbare kamar an zubar da man gyaɗa a riga. Ba sabulun da ke fitar da shi. Ga ƙurar da ta sauka cikin daren ta manne, don ana so ya yi wajen awa 24 babu ruwa babu ƙura, mu kuma wa ke da wannan gatan a bakin titi? Ƙyallen da na yi aikin da shi ya bushe ƙamas kamar ganda. Ƙarshe sai da na kai ta aka bi da injin folish, na biya ninkin kuɗin kwalbar. Kuma kowane bi da inji yana rage ɓawon saman nan marar launi da ke kare fenti, wanda kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin gashin kai ba. Kuskuren waks da tsumma ake gyara shi, na nano sai an ci fenti.

Wani abu kuma: nano rufe abin da ya tarar yake yi. Baƙar mota da ta shekara a hannun mai wanki, haska ta da fitilar waya da daddare ka ga zane-zane kamar saƙar gizo. In ba a yi folish an share su ba, ka kulle su ke nan a ƙarƙashin gilashi.

Tunda na ambaci mai wanki, bari in faɗi wadda ba ka tambaya ba. In haris ɗin gidanku, wato mai gadi, shi ne ke wanke maka ita da bokiti ɗaya da tsumma ɗaya, bayan ya gama da motoci shida na maƙwabta, to ko me ka shafa asara ce. Ba mugunta yake yi ba, abin da aka ba shi ke nan. Ƙurar nan yashi ce, kuma yashi ya fi fenti tauri. Saya masa bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da tsummokin maikirofaiba naka na kanka. A fara kwara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa, a fara daga rufi, taya da wili su zo ƙarshe da nasu tsumman daban. Ranar da aka yi guguwar ƙurar nan da muke ce wa gubar, kada kowa ya share ta a bushe, ko da kana saurin fita. Omo da sabulun wanke-wanke a bar su a kicin, maiƙo aka yi su su cire, waks ɗin ma tafiya suke da shi a hankali. Shamfu na mota ba shi da tsada. Ruwan wayit, wato na motar tanka, da ya kwana a tanki kuma kada a bari ya bushe a jikinta, farin zobe yake bari, a baƙar mota tun daga nesa ake hango shi. Ka kuma yi hattara da jan tiyo ruwa na malala a titi, ana cin tara a kai. Bokitin ya fi maka kwanciyar hankali.

Sai 'yan kasuwa. Kalmar nano ta zama kamar zuma a bakin masu sayarwa, kowa ya ce tasa farar saƙa ce. Za ka ga kwalba an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, mai shago yana buga wa bonet laita yana cewa ba ta karcewa. Wannan 9H ɗin ma'aunin taurin bakin fensir ne, ba na dutse ba. Mabuɗi zai karce ta, tsakuwar hanyar Madina za ta fasa ta. Abin da ke tare tsakuwa ledar kariya ce da ake liƙawa a gaban mota, ita kuma kuɗinta daban. Wasu kuma za su watsa ruwa ka ga yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, su ce ka ga aikin nano. Kowane man feshi mai arha zai yi haka na sati biyu. Akwai wanda ya kai motarsa wani wuri aka ce an yi masa na shekara biyar da garanti, cikin awa biyu aka miƙo masa mabuɗi. Wanki da folish kaɗai na aikin gaske sun fi awa biyu. Da ya koma bayan wata uku, an sauya allon shagon.

Shi ma waks ana yin jabunsa, musamman masu suna. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na ko'ina, ajiye. Duba murfi ko an taɓa buɗewa, karɓi fatura, wato rasit, mai lambar haraji, kada ka yarda da "ai mun san juna". In an cuce ka, 1900 ce lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci, amma da faturar za ka kafa hujja.

To ga abin da za ka sayo: gwangwani ɗaya na haɗi, na mota mai duhu, shamfu, bokiti biyu, tsumma huɗu ko biyar. In bayan wanki ka shafa hannu ka ji fentin yana ƙaiƙayi kamar yashi, ƙara da ɗan curin kilé ɗin nan mai kama da cingam, ka bi ta da shi da ruwan kumfa kafin waks. Fara da murfin but, inda ko ka yi kuskure ba mai gani. In ya gagara, kawo ta Juma'a mai zuwa bayan asuba, amma tamis ɗin a wuyanka yake.